Farfesa Olufunmilayo Olopade: Maƙalunta, Abokan Bincikenta da Tasirin Aikinta a Kan Sankarar Mama

Gabatarwa

Farfesa Olufunmilayo I. Olopade likita ce haifaffiyar Nijeriya wadda ke koyarwa tare da gudanar da bincike a Jami'ar Chicago ta ƙasar Amurka. Fagen da ta yi fice a kai shi ne alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin gado da ciwon daji, musamman sankarar mama a tsakanin matan Afirka da kuma baƙar fatar Amurka. Wannan bayani ya duba manyan maƙalun da ta wallafa, da masanan da ta yi aiki tare da su, da kuma yadda ake auna tasirin irin wannan aiki a duniyar ilimi.

Dalilin da ya sa batun ya shafi jama'armu a fili yake. Sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. Ƙiyasin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa mata fiye da 28,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan cikin wannan shekara, sama da 14,000 kuma suka rasu. Wani muhimmin kaso na abin da likitoci suka sani a yau game da yanayin wannan cuta a jikin matan Nijeriya ya fito ne daga binciken da wannan baiwar Allah ta jagoranta.

Taƙaitaccen Tarihi

An haife ta a shekarar 1957, mahaifinta kuwa limamin cocin Angilikan ne. Ta sami digirin aikin likita a Jami'ar Ibadan a 1980, sannan ta tafi Amurka a 1983 inda ta ƙaro ƙwarewa a Asibitin Cook County da ke birnin Chicago. Daga nan ta shiga Jami'ar Chicago don nazarin cututtukan jini da ciwon daji, aka kuma ɗauke ta malama a jami'ar a 1991. Shekara guda bayan haka ta buɗe sashen ba da shawara ga iyalan da ciwon daji ke bin zuri'arsu.

Daga cikin karramawar da ta samu akwai lambar Gidauniyar MacArthur a 2005, da naɗin da Shugaba Barack Obama ya yi mata a Majalisar Ba da Shawara kan Ciwon Daji ta Amurka a 2011, da zaɓenta a Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka a 2021. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ita ma ta ba ta lambar girmamawa ta OON.

Maƙalun Farko: Kuromosom Mai Lamba 9

Mutane da yawa sun san ta da sankarar mama, amma ba da ita ta fara ba. Malamar da ta horar da ita a Chicago ita ce Farfesa Janet Rowley, wadda a 1973 ta gano cewa wani nau'in sankarar jini yana faruwa ne saboda musayar yanki tsakanin kuromosom mai lamba 9 da mai lamba 22. Kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin kowace ƙwayar halittar jiki, ɗan Adam kuwa yana da guda 46. Binciken Rowley na daga cikin hujjojin farko da suka tabbatar da cewa ciwon daji cuta ce da ke tasowa daga lalacewar ƙwayoyin gado.

A wannan makaranta Olopade ta koyi sana'a. Maƙalunta na farkon shekarun 1990, waɗanda suka fito a mujallu irin su Cancer Research da Genomics, sun mai da hankali a kan wani ɗan yanki na gajeren hannun kuromosom mai lamba 9 da ake yawan tarar da shi ya ɓace a sankarar jini da ta huhu da ta ƙwaƙwalwa. Hikimar aikin ita ce: idan wuri guda yana yawan ɓacewa a cikin ƙari iri-iri, to akwai alamar cewa a wurin akwai ƙwayar gado mai hana ƙari girma, wadda ɓacewarta ke buɗe wa cutar ƙofa. Ta yi ta ƙunƙunce iyakar wurin, maƙala bayan maƙala. A ƙarshe wasu rukunonin masana ne suka riga bayyana, a 1994, cewa ƙwayar da ake nema ita ce wadda ake kira p16. A 1995 ita da abokan aikinta suka wallafa taswirar yankin a mujallar Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka, tare da ware wata ƙwayar gado maƙwabciya mai suna MTAP. Wannan ƙwaya ta sake jan hankalin masu haɗa magunguna a 'yan shekarun nan, domin ƙarin da ya rasa ta yana da wani rauni da ake ƙoƙarin kai masa hari da magani.

Komawa Kan Sankarar Mama

A daidai lokacin ne fagen sankarar mama ya sauya baki ɗaya. Farfesa Mary-Claire King ta nuna a 1990 cewa akwai ƙwayar gado a kan kuromosom mai lamba 17 da ke haddasa cutar a wasu iyalai. Aka ware ƙwayar a 1994 aka sa mata suna BRCA1, aka kuma ware ta biyu, BRCA2, a 1995. Aikin waɗannan ƙwayoyi biyu a jikin mai lafiya shi ne gyara ɓarnar da ke aukuwa a cikin sinadarin gado. Macen da ta gaji gurɓatacciyar guda daga uwa ko daga uba tana fuskantar haɗarin kamuwa da sankarar mama da ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 a tsawon rayuwarta, ga kuma haɗarin sankarar ƙwan mace.

Sai dai kusan dukkan iyalan da aka yi wannan bincike a kansu Turawa ne. A asibitinta na kudancin Chicago kuwa, inda baƙar fata ke da yawa, Olopade tana ganin mata suna zuwa da cutar tun suna da ƙuruciya, da ƙari mai saurin yaɗuwa, kamar yadda ta saba gani a Ibadan. Tambayar da ta mamaye sauran rayuwarta ta bincike ke nan: shin talauci da jinkirin zuwa asibiti ne kaɗai ke jawo wannan, ko kuwa akwai wani bambanci a cikin halittar ƙarin kansa?

A wannan zango ne ta shiga manyan ƙungiyoyin haɗin gwiwa na asibitocin Amurka da Turai. Sunanta na cikin marubutan maƙalar da Timothy Rebbeck ya jagoranta a New England Journal of Medicine a 2002, wadda ta nuna cewa cire ƙwan mace ga mai ɗauke da gurɓatacciyar BRCA1 ko BRCA2 yana rage haɗarin sankarar ƙwan da kashi 96 cikin 100, yana kuma rage haɗarin sankarar mama da kusan rabi. Haka kuma tana cikin maƙalar Susan Domchek ta 2010 a mujallar JAMA, wadda ta nuna cewa wannan tiyata tana rage mace-mace. A 2005 ɗalibarta Rita Nanda ta wallafa a JAMA sakamakon gwajin da aka yi wa iyalai na jinsi daban-daban a Amurka. Abin da ya fito shi ne, matan baƙar fata sun fi samun sakamako mai ruɗani, wato a ga canji a ƙwayar gadonsu amma ba a san ko mai cutarwa ne ba, saboda kawai ba a taɓa nazarin isassun mutane irinsu ba.

Binciken Ibadan

Aikin da ya fi shafar Nijeriya ya fara ne a 1998 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin sunan Binciken Sankarar Mama na Nijeriya. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne amma mai cin lokaci: a yi wa macen da ta zo da cutar tambayoyi game da haihuwa da shayarwa da tarihin danginta, a auna ta, a ɗebi jininta da izininta, sannan a yi haka ga wata mace mai lafiya daga unguwannin birnin don a kwatanta. Likitocin tiyata Clement Adebamowo da Temidayo Ogundiran, da likitan mata Oladosu Ojengbede, suna daga cikin waɗanda suka riƙe aikin a Ibadan. A Chicago kuma Dezheng Huo, masanin ƙididdigar cututtuka, shi ne wanda sunansa ya fi yawan fitowa tare da nata.

Maƙalar da ta fi yin amo daga wannan aiki ita ce ta 2009 a Journal of Clinical Oncology. An duba samfurin ƙari na mata 507 daga wurare shida a Nijeriya da Senegal. A rukunin farko na mata 378, matsakaicin shekarunsu bai cika 45 ba, kuma kashi 72 cikin 100 cutar ta riga ta kai kaluluwar hammata. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, kashi 24 cikin 100 kacal na ƙarin ne aka tarar yana amsa sinadarin estirojin, fiye da rabi kuma ba su da ko ɗaya daga cikin alamomi uku da likitoci ke nema.

Ya kamata a yi wa mai karatu bayanin waɗannan alamomi, domin a kansu magani ya rataya. Idan ƙari yana da mazaunin estirojin, ana iya kashe masa kaifi da ƙwayar tamoxifen, wadda ba ta da tsada sosai, ana kuma samunta a ƙasar nan. Idan yana da alamar HER2, akwai allurar trastuzumab, mai amfani ƙwarai amma mai tsadar gaske. Idan ba shi da ko ɗaya, to galibi ana dogara ne da tiyata da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da gashi. A matan Turawa galibin ƙarin mai amsa estirojin ne. Maƙalar 2009 ta ce a Afirka ta Yamma lamarin akasin haka ne, wanda ke nufin al'adar ba kowace mai sankarar mama tamoxifen ba tare da gwaji ba ɓarnar kuɗi ce da lokaci ga mata da yawa.

Ba kowa ne ya amince da alƙaluman ba. Shi kansa Adebamowo ya wallafa wata maƙala a 2008 a kan samfura daga Ibadan inda ya tarar kimanin kashi 65 cikin 100 suna amsa estirojin. A 2014 wasu masana a Landan da Liyon suka tattara dukkan binciken da aka yi a nahiyar suka wallafa a PLoS Medicine, suka nuna cewa adadin yana sauyawa ƙwarai gwargwadon yadda aka adana tsokar da aka yanko. Tsokar da ta daɗe kafin a sa ta cikin ruwan adanawa, ko ta shekara da shekaru a ɗakin ajiya mai zafi, takan rasa alamar estirojin ko da tana da ita tun asali. A samfuran da aka tattara da kyau, sun ga masu amsa estirojin sun fi yawa. Matsayin da akasarin masana suka tsaya a kai shi ne, ƙari marar alamomi uku ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turawa, amma mai yiwuwa bai kai yadda alƙaluman farko suka nuna ba. Ga mai jinya, darasin bai canja ba ko wane ɓangare ya fi gaskiya: a gwada ƙarin kafin a zaɓi magani, kuma a tabbatar an adana tsokar yadda ya kamata tun daga ɗakin tiyata.

Maƙalun 2018

A ganin mai wannan rubutu, aikin da ya fi ƙarfin hujja a dukkan jerin shi ne wanda aka wallafa a 2018 a Journal of Clinical Oncology mai taken gadon sankarar mama a matan Nijeriya. A nan ne Olopade ta haɗa hannu da Mary-Claire King da Tom Walsh na Jami'ar Washington da ke Seattle, Yonglan Zheng kuma ce marubuciya ta farko. An gwada jinin mata 1,136 masu cutar da mata 997 masu lafiya. Tunda jini aka gwada, matsalar lalacewar tsoka ba ta taso ba. An tarar kashi 14.7 cikin 100 na masu cutar suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, alhali a masu lafiya kashi 1.8 ne kawai. Kashi 7 na BRCA1 ne, kashi 4.1 na BRCA2, kashi 1 na PALB2, saura kuma na wasu ƙwayoyin. Wannan ya tabbatar da abin da wata ƙaramar maƙala ta James Fackenthal ta fara nunawa a 2012, kuma adadi ne da ya ɗara wanda aka saba gani a matan Turawa waɗanda ba a zaɓo su bisa tarihin dangi ba.

Ma'anar wannan ga iyali babba ce. Idan an sami gurɓatacciyar ƙwaya a jikin mace guda, kowace 'yar'uwarta ta jini da kowace 'yarta tana da damar rabi da rabi ta ɗauke da ita. Maza ma suna gadonta, suna kuma gadar da ita ga 'ya'yansu mata, abin da mutane da yawa ba su sani ba, sai su riƙa duba dangin uwa kaɗai. Bugu da ƙari, tun daga 2018 hukumomin Amurka suka amince da maganin olaparib ga masu sankarar mama da ke da wannan gurɓacewa, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin masu jinya a nan.

A cikin wannan shekara dai, mujallar Nature Communications ta fitar da nazarin ƙarin mata 194 na Nijeriya, aka kwatanta shi da na mata fiye da dubu ɗaya a babbar ma'ajiyar bayanan ciwon daji ta Amurka. An ga ƙarin matan Nijeriya ya fi yawan gurɓacewar ƙwayoyin TP53 da GATA3, ya kuma fi nuna alamar gazawar gyaran sinadarin gado. An ci gaba da wannan nazari a wata maƙala ta 2021 a mujallar. Ƙungiyar ta kuma faɗaɗa aikin zuwa Kamaru da Uganda.

Yadda Ake Auna Tasiri

A duniyar bincike, idan masani ya kafa hujja da maƙalar wani a cikin tasa, ana ƙirga wannan a matsayin ambato guda. Eugene Garfield ne ya fara tattara irin wannan lissafi a kundin da ya fitar a 1964, yanzu kuwa ana samunsa a Web of Science da Scopus da Google Scholar. A 2005 wani masanin kimiyyar fizis mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h: wanda ke da h na 50 yana da maƙala 50 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 50. Jami'o'inmu ma suna duba waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma. Su ma'ajiyoyin uku ba sa ba da adadi ɗaya ga mutum ɗaya, domin Google Scholar yana ƙirga har da kundayen digiri da rahotanni, saboda haka adadinsa yakan fi yawa.

Ta kowane ma'auni aka bi, Olopade tana sahun gaba. Maƙalun da ke ɗauke da sunanta sun kai ɗaruruwa, an kuma ambace su sau dubun dubata. Amma duk wanda ya buɗe jerin ya tsara shi daga mafi yawan ambato zuwa ƙasa zai lura da wani abu. Waɗanda ke can sama galibi maƙalun manyan ƙungiyoyi ne irin ta 2002, masu marubuta goma sha ko fiye, a kan matan Amurka da Turai, inda sunanta ke tsakiyar jeri. Irin waɗannan ana ambatonsu sau dubbai. Maƙalun Ibadan, waɗanda ita ta assasa su kuma sunanta ke ƙarshe, ana ambatonsu sau ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka. A al'adar wannan fanni, sunan farko na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, na ƙarshe kuma na shugaban da ya tsara shi ya nemo kuɗinsa. Lissafin ambato ba ya bambanta waɗannan matsayi; kowa a jerin yana samun lada ɗaya.

Dalilin ratar ba ƙarancin inganci ba ne. Masu ambato su ne masu rubuta maƙala, su kuwa sun fi yawa a ƙasashen da ke da kuɗin bincike, suna kuma rubutu a kan marasa lafiyarsu. Likitan da ya karanta maƙalar 2018 a Zariya ko Sakkwato, ya soma tambayar mai jinya ko akwai wata a dangin mahaifinta da ta yi irin ciwon, ba ya ƙara wa maƙalar ambato ko ɗaya. Haka kuma ambato ba ya nuna amincewa: wani kaso na waɗanda suka ambaci maƙalar 2009 sun yi haka ne don su yi jayayya da alƙalumanta. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara Sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta nemi a daina auna masani da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki, a riƙa duba abin da aikin ya ƙunsa.

Akwai kuma tasirin da ake gani a cikin jerin sunayen kansa. A maƙalun Ibadan na baya-bayan nan ana samun sunayen likitocin tiyata da masu binciken tsoka da masu kula da ɗakin gwaji na Nijeriya da yawa fiye da na farkon aikin, wasunsu kuma sun sami horo a Chicago sun dawo. Duk da haka, mafi yawan gwajin ƙwayoyin gado mai zurfi a ƙasashen waje aka yi shi, kuɗin ma galibi daga Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyoyin can suka fito.

Iyakar Binciken Game da Arewa

Wajibi ne a fayyace cewa akasarin matan da aka yi binciken Ibadan a kansu 'yan kudu maso yamma ne, yawancinsu Yarbawa. Nahiyar Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado tsakanin al'ummominta, don haka ba daidai ba ne a ɗauki kashi 14.7 a ɗora shi kai tsaye a kan matan Hausa ko Fulani ko Barebari. Shekarun aure da yawan haihuwa da tsawon shayarwa, waɗanda dukkansu ke shafar haɗarin cutar, su ma sun bambanta tsakanin yankunan biyu. Auren zumunci, wanda ya fi yawa a Arewa, wani abin dubawa ne ga duk mai nazarin cutar da ke bin dangi. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato suna karɓar masu wannan cuta a kullum, kuma tsarin da aka bi a Ibadan tun 1998, wato takardar tambayoyi da kwalbar jini da rajista mai kyau, abu ne da za a iya maimaitawa a cikinsu.

Ana shawartar duk macen da ta ji ƙullutu a mamanta ko a hammatarta, ko ta ga fatar wurin ta sauya, ko jini na fita daga kan maman, da ta garzaya asibiti mafi kusa ba tare da jiran ciwo ba, domin sau da yawa ƙarin ba ya zafi a farkonsa. Idan akwai wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta ƙwan mace a dangin uwa ko na uba, musamman kafin ta kai shekara 50, a sanar da likita tun a zuwan farko.